Daga Rumbunan Warso Zuwa Hanyar Kachia: Tarihin Bindigar da Ta Hana Kujama Barci

Bindigar AK da aka ƙwato a dazukan Chikun ko Kajuru, in dai ta masana'anta ce ba aikin maƙeran gida ba, kuma ba a kankare mata lamba ba, tana ɗauke da tarihinta a jikinta. Kibiya a cikin alwatika tambarin Izhevsk ne a Rasha. Lamba 11 a cikin da'ira ta garin Radom ce a ƙasar Folan, lamba 10 a cikin da'ira biyu ta Kazanlak ce a Bulgeriya, 66 a cikin alwatika kuwa ta ƙasar Sin ce. Sau da yawa har shekarar ƙira tana nan a zane, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar bindigar ta girmi saurayin da ke rataye da ita da shekara ashirin ko talatin. Babu wanda ya ƙera ta da Kujama a zuciyarsa. An ƙera ta ne domin babban yaƙin da aka yi ta jira tsakanin ƙasashen kwaminisanci na Yarjejeniyar Warso da ƙungiyar NATO, yaƙin da har aka rufe babin cacar baka bai auku ba. Yadda ta baro rumbunan can ta iso hanyar Kaduna zuwa Kachia labari ne na gwamnatocin da suka daina sanin adadin makaman da ke hannunsu. Ƙasashen Gabashin Turai sun faɗa wannan hali bayan 1989, suka zubar da makamai a duniya, daga baya mafi yawansu suka toshe ɓarakar. Mu kuwa muna zarginsu da makwabtanmu a kan abin da ya riga ya wuce, alhali cutar da ta kama su a wancan lokaci ita ce ke cin rumbunanmu yau.

Kudancin Kaduna bai jira AK ba kafin ya san zubar da jini, kuma dole a faɗi wannan tun farko. A ƙarni na 19 mahayan Zazzau da na Jama'a sun sha kai hari ƙasashen Atyap da Bajju da Adara da Kagoro neman bayi da haraji, mutanen duwatsu suna kare kansu da kibau masu dafi. Turawa suka zo suka ɗora hakiman masarauta a kan al'ummomin da ba su yarda da su ba, ƙorafin ya kwanta bai mutu ba. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan wa'azi, cikin kwanaki ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. A Fabrairu da Mayun 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa mazauni, ya ƙare da kotun Mai Shari'a Okadigbo da hukuncin kisa a kan Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu, hukuncin da aka sassauta daga baya. A shekarar 2000, rikicin shari'a ya ci rayuka aƙalla dubu biyu a Kaduna. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, Zonkwa da Matsirga da Kafanchan suka ga abin da har yau ba a gama jimaminsa ba. Amma wanda ya bibiyi bayanan waɗannan rikice-rikice, musamman na farko-farkon, zai ga makaman da aka fi ambata su ne adda da gora da kwari da baka da bindigar toka da galan ɗin fetur. Rikici ne na taron jama'a: ya tashi, ya yi ɓarna mai muni, soja su shigo, a sa dokar hana fita, a kafa kwamitin bincike, kowa ya koma gida da ƙullinsa.

Abin da ake gani yanzu wani iri ne daban. A Oktoban 2018, bayan rikicin Kasuwan Magani da 'yan sanda suka ce ya ci mutum 55, aka tare Agom Adara, Maiwada Galadima, a hanya, aka tafi da shi, aka kashe shi. Ranar 5 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren Bethel Baptist da ke Damishi, dab da Kujama, suka kora ɗalibai 121 daji. Kafin nan a watan Afrilu an ɗauki ɗaliban Jami'ar Greenfield, daga baya a Maris na 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, a Maris na 2024 aka kwashe yaran makarantar Kuriga, duk a ƙaramar hukumar Chikun ko a bakin iyakarta. Taron masu adda ba zai iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Adda tana kisa, amma ba ta tsare yaro ɗari a daji wata da watanni, ba ta hana 'yan sanda biyo sawu, ba ta mai da satar mutane sana'a mai ciniki da farashi da dillalai. Bindiga mai sarrafa kanta ce ta ba mutum talatin a kan babura ƙarfin da a da sai runduna. Shi ya sa tarihinta ya shafi manomin Kujama da ya bar gonarsa ta nesa, ya kuma shafi makiyayin da aka kore masa shanu a dajin Ladduga.

Mikhail Kalashnikov ya kammala ƙirar AK a 1947, rundunar Tarayyar Soviet ta karɓe ta a 1949. Bayan an kafa Yarjejeniyar Warso a 1955, Mosko ta so dukan sojojin ƙawayenta su riƙe bindiga iri ɗaya mai cin harsashi iri ɗaya, sai ta raba musu zanen da injunan. Folan da Bulgeriya da Romaniya da Hangari da Jamus ta Gabas da Sin duk suka shiga ƙira, Yugoslabiya ma ta yi tata a masana'antar Zastava. Tsarin gurguzu bai san ƙira gwargwadon buƙatar kasuwa ba. Masana'anta tana cika adadin da aka yanka mata a kowace shekara, a shafe bindigogin da maiko, a jera su cikin akwatuna, a tura rumbu domin miliyoyin sojojin wucin gadi da za a kira ranar da yaƙi ya tashi. Wasu kuma aka riƙa bayarwa kyauta ko bashi ga gwamnatoci da ƙungiyoyin neman 'yanci a Afirka. Nijeriya ta fara ɗanɗana makaman wannan ɓangare a yaƙin basasa: da Amurka ta ƙi sayarwa, Ingila kuma ta yi ta jan ƙafa a kan jiragen yaƙi, gwamnatin Gowon ta juya ga Mosko, jiragen MiG da na L-29 ƙirar Cekoslobakiya suka fara isowa a 1967. Duk da haka, a wancan zamani makamin yana tafiya ne daga gwamnati zuwa gwamnati, bisa lissafin siyasa, kuma akwai mai riƙe da makulli.

Makullin ne ya ɓace tsakanin 1989 da 1991. Katangar Balin ta faɗi, aka rusa Yarjejeniyar Warso a Yulin 1991, Tarayyar Soviet ta watse a Disamba, ƙasashe goma sha biyar suka fito daga cikinta. Kowace ta wayi gari da tambayoyin da ba ta taɓa amsawa da kanta ba: wa zai kare ta, da wa za ta ƙulla ƙawance, ina iyakarta ta tsaya, me za ta yi da sojojin Rasha da ke jibge a ƙasarta. Manyan ƙasashe suka sa ido a kan nukiliya, kuma ba su yi laifi ba. Amurka ta ware kuɗi tun 1991 domin tsare waɗannan makamai, a Disamban 1994 Yukren ta sa hannu a takardar Budapest ta amince ta miƙa nata a kan alkawarin za a mutunta iyakokinta, alkawarin da kowa ya ga yadda ya ƙare a 2014 da 2022. Yarjejeniyar rage makamai ta 1990 ta ƙirga tankoki da igwa da jiragen yaƙi. Bindigar kafaɗa ba ta shiga lissafin kowa ba. A Yukren kaɗai, inda rundunonin Soviet da suka janye daga Gabashin Turai suka sauke kayansu, ƙiyasin NATO da na sojan ƙasar ya nuna an bar ƙananan makamai wajen miliyan bakwai da albarusai tan miliyan biyu da rabi, wasu a fili ƙarƙashin ruwa da rana. Masu gadin kuwa hafsoshi ne da ke shafe watanni ba albashi, kuɗin ƙasar yana narkewa a aljihunsu. Wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya yi ƙiyasin cewa tsakanin 1992 da 1998 kayan soja na kimanin dala biliyan 32 sun salwanta. A Bulgeriya da Romaniya matsalar ta zo ta wata ƙofa: garuruwa sukutum sun dogara da masana'antar makamai, tsofaffin masu saye sun tafi, gwamnati tana neman kuɗin waje ido rufe, don haka duk wanda ya zo da takarda da dala ba a cika tsananta masa tambaya ba.

Albaniya ce ta nuna iyakar abin. A farkon 1997 kamfanonin adashen damfara da rabin ƙasar suka zuba dukiyarsu a ciki suka ruguje, jama'a suka fusata, sojoji suka gudu daga barikoki, mutane suka fasa rumbuna suka kwashe bindigogi fiye da rabin miliyan a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba. Mutum wajen dubu biyu suka mutu a wannan shekara. Shekara guda bayan haka wani kaso na makaman ya tsallaka Kosobo, ya mai da 'yar ƙaramar ƙungiyar tawaye runduna. A Moldoba kuwa, rumbun Kobasna mai albarusai kimanin tan dubu ashirin yana nan har yau a yankin da ya ɓalle, sojojin Rasha na gadinsa, gwamnatin ƙasar ba ta da ikon leƙawa ta ga abin da ke ciki.

Afirka ta Yamma ta shigo labarin ne domin a daidai wannan lokaci tana da masu saye kuma tana da masu sayar da sa hannu. A cinikin makamai na halas, mai saye yana kawo takardar da gwamnatinsa ta sa wa hannu, mai shaida cewa kayan na sojanta ne kuma ba za a miƙa wa wani ba. Wannan takarda ce ta zama haja. Rahoton Fowler da aka gabatar wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Maris na 2000 ya bayyana yadda makaman Bulgeriya suka riƙa isa ga 'yan tawayen UNITA na Angola, ya ambaci Togo da Burkina Faso da shugabanninsu, Eyadema da Compaore, a cikin masu sauƙaƙa hanya. A Maris na 1999 jirgi ya sauke makamai tan 68 daga Yukren a Wagadugu da sunan sojan Burkina, cikin 'yan kwanaki jirgin dillali Leonid Minin ya kwashe su zuwa Laberiyar Charles Taylor, ubangidan 'yan tawayen RUF na Saliyo, waɗanda a lokacin sojojin Nijeriya na ECOMOG suke fafatawa da su. A 2002 masu binciken Majalisar suka gano jirage shida da suka taso daga Belgired da makamai kimanin tan 200 zuwa Monrobiya, takardun da aka nuna a can kuwa na bogi ne da ke cewa kayan na Ma'aikatar Tsaron Nijeriya ne. Viktor Bout, wanda ya tara tsofaffin jiragen dakon kaya na Soviet ya mai da su motocin hayar yaƙe-yaƙen Afirka, sai a 2008 aka kama shi a Bankok, aka yanke masa shekara 25 a Amurka, aka kuma mai da shi Rasha a musayar fursunoni a Disamban 2022. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: babu dillalin da ya taɓa sauke jirgi a filin saukar jiragen wata ƙasa ba tare da wani mai hula ko mai kaki na ƙasar ya sani ba. Da yaƙe-yaƙen Laberiya da Saliyo da Kwaddibuwa suka lafa, bindigogin ba su lafa ba, domin AK tana shekara hamsin tana aiki in an ɗan shafa mata mai. Suka ci gaba da sauya hannu, suna bin inda farashi ya fi kyau.

Mai ƙorafi na farko zai ce ai duk wannan tsohon zance ne, abin da ya ɓata Arewa faɗuwar Gaddafi ce a 2011. Akwai gaskiya a ciki. Rumbunan Libiya sun fashe kamar na Albaniya, makamai suka gangaro ta Salbado da Agadas, suka kunna wutar arewacin Mali a 2012, wasu suka ratso Maraɗi da Jibiya suka shiga dazukan Zamfara da Birnin Gwari. Sai dai Libiya zango ce kawai a wannan tafiya. Abin da Gaddafi ya tara da kuɗin fetur a shekarun 1970 da 1980 mafi yawansa daga Tarayyar Soviet da ƙawayenta ya sayo, shi ya sa masu bin diddigin makamai suka riƙa cin karo da bindigogin Folan na shekarun 1970 a hannun mayaƙan Sahel. Wato dai labarin ɗaya ne aka maimaita: gwamnati ta tara fiye da buƙatarta, ta dogara da tsoro a maimakon lissafi, ranar da tsoron ya kau rumbun ya zama na kowa. Kuma zancen Libiya ya yi wa hukumominmu daɗi fiye da kima, domin yana kai laifi can bayan Sahara inda ba wanda za a tuhuma. Haka a Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya gaya wa shugabannin yankin Tafkin Cadi cewa makaman yaƙin Yukren sun fara malalowa yankin. Tsoron yana da tushe, domin abin da ya biyo bayan yaƙin Balkan ya nuna makamai sun fi yawo bayan an tsagaita wuta. Amma shugaban bai buƙaci ya duba nesa haka ba.

A Nuwamban 2008 kotun soja da ta zauna a Kaduna ta yanke wa wani manjo da sojoji biyar ɗaurin rai da rai saboda sayar da bindigogi fiye da dubu bakwai ga tsagerun yankin Neja Dalta. Daga rumbunan Jaji da na cikin garin Kaduna aka riƙa zare su, shekara da shekaru, ba wanda ya lura, ko kuma waɗanda suka lura sun ga shiru ya fi musu. Bindiga dubu bakwai ta ishi bataliya da dama, kuma tafiyar da ke tsakanin waɗannan rumbuna da Kujama ba ta kai ta yini ba. Rahoton Odita-Janar na Tarayya na shekarar 2019, wanda ya fito fili a farkon 2022, ya ce rundunar 'yan sanda ta kasa bayanin inda makamai 178,459 suka shiga, 88,078 daga cikinsu AK-47. Ana iya cewa wani ɓangare na wannan adadi sakacin rubutu ne, ba sata ba, kuma mai yiwuwa haka ne. Amma rundunar da ba ta iya bambance bindigar da aka sace da wadda aka manta a rubuta ba ta riga ta shiga halin da Yukren ta shiga a 1993. A 2020 wata ƙungiyar bin diddigin makamai da ke Ingila ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan bindigogin da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara. Ta tarar da na Libiya, ta tarar da waɗanda suka fito daga rumbunan gwamnatin Kwaddibuwa, da bindigogin harbi-ka-ɗana ƙirar Turkiyya irin waɗanda kwastan suka kama guda 661 a Legas a Janairun 2017, da na maƙeran gida, ta kuma tarar da waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Nijeriya ne. Wasu an ƙwace su a fagen daga ko a ofishin 'yan sandan da aka kai wa hari, wasu an sayar. Harsashi ma ya fi bindiga tona asiri, domin bindiga sau ɗaya ake sayenta, harsashi kuwa kullum sai an nemo sabo, kuma ɗan bindigar da ke ɓarin wuta ba ƙaƙƙautawa yana da mai kawo masa a kai a kai.

To ta yaya ƙasashen Gabashin Turai suka fita? Manufarsu ta harkokin waje ce ta tilasta musu. Folan da Cek da Hangari sun shiga NATO a 1999, Bulgeriya da Romaniya da Sulobakiya da Sulobeniya da ƙasashen Baltik uku a 2004, Albaniya a 2009, kuma Tarayyar Turai ta buɗe wa da dama daga cikinsu ƙofa a 2004 da 2007. Tsoron Rasha ne ya kora su can, amma kuɗin shiga ya haɗa da abubuwan da ba su da armashi a jarida: dokar fitar da makamai, rajistar dillalai, tabbatar da sahihancin takardar mai saye kafin jirgi ya tashi, farar hula a kan ma'aikatar tsaro, majalisa mai ikon tambaya, da rahoton shekara-shekara na abin da aka sayar da wanda aka sayar wa. Ƙa'idojin Tarayyar Turai na 1998 da takardar ƙungiyar OSCE ta 2000 a kan ƙananan makamai su ne ma'aunin. Aka ƙirga abin da ke rumbu, aka ware rarar, aka yanka ta da injin aka narkar. A Yukren NATO ta ɗauki nauyin shirin lalata ƙananan makamai miliyan ɗaya da rabi da albarusai tan 133,000. A gundumar Gramsh ta Albaniya aka gwada wata dabara: ƙauye ya miƙa bindigoginsa gaba ɗaya, a yi masa hanya ko a kawo masa layin tarho, ba a ba mutum ɗaya kuɗi ba balle ya je ya sayo wata. Aikin bai zo da tsabta ba. A Maris na 2008 wurin kwance albarusai na Gerdec a Albaniya ya tashi ya kashe mutum 26, abin da ke tuna wa ɗan Nijeriya fashewar barikin Ikeja ta Janairun 2002 da ta ci fiye da mutum dubu. Bindigogin Balkan sun ɓulla a hare-haren Faris na 2015. Duk da haka, zamanin da dillali zai cika jirgi a Burgas ta Bulgeriya da takardar bogi ya tashi ba mai tambaya ya wuce.

Mai ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi. Zai ce bindiga ba ta harba kanta, matsalar Kudancin Kaduna ƙasa ce da sarauta da burtali da addini da rashin hukunta mai laifi, kuma wanda ya tsaya ƙirga bindigogi ya bar jaki yana dukan taiki. Babu musu a kan tushen. Rahotannin kwamitocin bincike tun daga 1987 suna nan jibge, akasarin shawarwarinsu ba a aiwatar ba, kuma ƙirƙiro masarautun Atyap da Bajju a 1995 da waɗanda suka biyo baya a zamanin Gwamna Maƙarfi ya nuna gyaran siyasa yana sanyaya zuciya. Amma sasanta rikicin ƙasa aikin shekaru ne, kuma yana buƙatar mutane su iya zama a inuwa guda. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan da al'ummomi 29 suka sa wa hannu a 2016 ba ta hana kashe-kashen ƙarshen wannan shekara ba, domin dattawan da suka sa hannu ba su ne ke riƙe da makaman ba. Inda matasa goma masu AK za su iya rusa abin da dattawa ɗari suka ƙulla, sulhu ba ya kama ƙasa. Ban da haka, wanda ya ɗauki yaran Bethel da wanda ya ɗauki na Kuriga bai tambayi addininsu ba kafin ya yanka kuɗin fansa. Wannan ɓangare na matsalar ya riga ya rabu da tsohon rikicin, ya zama kasuwanci, jarinsa kuwa bindiga da harsashi.

Na uku shi ne wanda ya fi shiga zuciya, musamman ga wanda aka ƙona wa ƙauye: tunda gwamnati ta gaza, a bar kowa ya nemi tasa. Manya sun faɗa. Janar T. Y. Danjuma ya yi wannan kira a Jalingo a Maris na 2018, Gwamna Masari ya yi a Katsina a 2021, gwamnatin Zamfara ta ce a 2022 za ta taimaka wa jama'a su sami lasisi. Ba a raina zafin da ya haifi maganar, amma an gwada ta a wani wuri. Bayan 1968 Shugaba Tito ya kafa rundunar tsaron ƙasa ta jama'a a Yugoslabiya, aka ajiye makamai a gundumomi da masana'antu domin kowa ya tashi in baƙo ya kawo hari. Baƙon bai zo ba. Da tarayyar ta tsage, rigimar farko a kan makullan waɗannan rumbuna aka yi ta, kuma yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995 ya ci mutum kusan dubu ɗari, galibi makwabta ne suka harbi makwabta. A Jojiya ƙungiyar sa-kai ta Mkhedrioni ta fara da sunan kishin ƙasa, ta taimaka wajen kifar da zaɓaɓɓen shugaba a Janairun 1992, ta koma tare hanya da karɓar kuɗi, sai a 1995 aka iya rusa ta. Gaskiya ne Yukren ta raba wa fararen hula bindigogi a Kiyef a Fabrairun 2022, amma rundunar wata ƙasa ce ta tunkaro birnin, kuma kowa ya san ko wane ne abokin gaba. A yankin da Adara da Gbagyi da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, kowace al'umma kuma tana da jerin mamatanta da take tunawa, bindigar da aka saya domin ɓarawon daji ba ta da alkawarin cewa shi kaɗai za ta kalla. Zamfara ta riga ta ga yadda aika-aikar 'yan sa-kai da ramuwar gayyar 'yan bindiga suka riƙa ciyar da juna.

Saura a ce ƙasashen Gabashin Turai suna da NATO da Tarayyar Turai masu kuɗi da sanda, mu ba mu da kowa. A takarda muna da su. A Abuja aka sa hannu a kan dakatar da shigo da ƙananan makamai na ECOWAS a Oktoban 1998, aka mai da shi cikakkiyar yarjejeniya a 2006, wadda ta wajabta sa wa kowace bindigar gwamnati lamba da ajiye rajista. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta amince da yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya a 2013, ta kuma kafa cibiyar kula da ƙananan makamai a 2021. Abin da babu shi ne mai tilastawa, kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta raunana ɗan abin da ake da shi, a daidai iyakar da aka fi buƙatar haɗin kai. Ga shi sayayya ba ta tsaya ba: a yaƙin Boko Haram Nijeriya ta sayo tankokin T-72 daga Gabashin Turai, motocin sulke daga Yukren, bindigogin Beryl daga Radom ɗin nan dai, har aka ƙulla yarjejeniya a 2018 domin kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kakuri, wanda aka kafa tun 1964, ya riƙa harhaɗa su. Burkina Faso ta sayi bindigogin Sabiya ta hanyar halas, a 2021 ƙungiyar Amnesty ta nuna irinsu a hannun masu tayar da ƙayar baya. Mai sayarwa ya cika takardunsa, ɓarakar tana wajen mai saye. Ƙirga bindiga, buga mata lamba, rubuta sunan wanda ya karɓa da adadin harsashin da ya dawo da shi, da lalata wadda aka kama a gaban shaidu maimakon a jibge ta a ɗakin ajiyar kayan shaida, duk wannan bai kai kuɗin jirgin yaƙi ɗaya ba. Abin da yake ci shi ne fuskar manya, shi ya sa ba a yi. Sanatocin Kaduna uku da 'yan majalisar wakilanta suna da ikon kiran Sufeto Janar da hafsoshin tsaro su zo da rajistar rumbunansu, su faɗi nawa aka gano daga cikin 88,078 ɗin nan da kuma wanda aka hukunta. Mutanen Chikun da Kajuru da Jama'a su tambaye su wannan kafin su sake ba su ƙuri'a.